Yadda Na Karɓi Gaisuwar Haruna a Agadas

Sunana Sule, mutumin Madachi ta ƙasar Rano. A kasuwa Sule Furamare ake ce mini, saboda na yi aji huɗu cur kafin mahaifina ya gano cewa gonar gyaɗa ta fi hedimasta buƙatata. Da wannan aji huɗun nake rubutun nan. Wanda ya ga kuskure ya kai ƙara wurin hedimastan, yana maƙabartar yamma da gari, ba ya fita ko'ina.

Labarin mutum biyu ne da suka tafi neman abinci. Ɗaya ya mutu a hanya. Ɗayan, wato ni, saura kaɗan ya kasa dawowa gida, alhali ƙafafunsa biyu lafiya lau, kuma mota tana jiransa kyauta.

Wanda ya mutun shi ne Haruna tela, ɗan Gwaggo Asabe ta Kibiya, ƙanwar mahaifina. Taubashina ke nan. Wanda ya san taubasantaka ya san ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. In ya hango ni sai ya ce, "Bawana, har yanzu kana da rai?" Ni kuma in ce, "Ina nan, ɓarawon ƙyalle." A haka muka yi aure, a haka muka fara furfura.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, mulkin farar hula yana rarrafe, wani kansila da muka yi wa yawon neman ƙuri'a, ni da baki, Haruna da ɗinkin tutoci, ya riga ya manta hanyar Madachi da ta Kibiya gaba ɗaya. Sai Haruna ya zo da labarin cewa a Libiya tela sarki ne. Ya ce shi zai yi ɗinki, ni in yi masa tafinta. Ba zan ɓata muku takarda da labarin sallama ba. Wanda ya taɓa barin gida ya san ta, wanda bai taɓa ba kuma ya gode wa Allah.

A Damagaram aka fara jarraba ilimina. Wani jandarma ya tsayar da motarmu. Na gyara hula na yi masa gaisuwar Turanci mai kyau, irin wadda ake yi wa sufeto in ya zo duba makaranta. Ya dube ni, ya yi wata magana ta hanci, sannan ya ce da Hausa, "Baba, sauko da jakarka." Ashe Turancin can daban ne, na Faransa.

Haruna ya ce, "Tafinta, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce a tsare telan, ni in wuce."

"Allah ya ƙara ilimi. Gaba kuma Larabci ne, ka fara shiri."

A Agadas muka haɗu da ɗan'uwa. A ƙasar waje, duk wanda ya tare ka da "ɗan'uwana" tun kafin ka sauke kaya, ka riƙe aljihunka. Wannan ya ce shi ma daga wajenmu yake, har ya san kasuwar Rano, ya san duwatsun. Ya sayar mana da wurin zama a gaban mota, kusa da direba. Ya kuma sayar mana da jarkokin ruwa waɗanda aka naɗe da buhu don kada rana ta dafa su. Ranar tashi muka tarar gaban mota na direba ne da yaransa, kowa a saman kaya yake zama, ƙafa a waje, da sanda a soke cikin kaya kana riƙe da ita tsakanin cinyoyi don kada barci ya jefar da kai. Jarkokin kuwa, sai da muka yi nisa muka gane man fetur aka taɓa zubawa a ciki. Ɗan'uwa ya ɗauraye su dai, ba zan yi masa ƙarya ba.

Kafin mu tashi wata tsohuwar Buzuwa mai sayar da dabino ta dubi Haruna, ta dube ni, ta girgiza kai. Ta ɗebo cuku busasshe ta zuba mini a aljihu, ta ƙi karɓar komai. Ba ta jin Hausa sosai. Abin da ta iya faɗa shi ne, "Tsotsa, kada ka tauna."

Ba zan iya kwatanta muku hamada ba. Mutumin da ya tashi tsakanin duwatsun Rano ya saba in ya ɗaga kai ya ga abin da zai ce, ga gabas, ga gida. Can babu. Yau kamar jiya. Ana tafiya, amma babu abin da yake wucewa.

Bayan Dirku cikin Haruna ya ɓaci. Ko ruwan jarka ne, ko na rijiyar da muka tsaya, Allah ya sani. Direba ba ya tsayawa don cikin mutum ɗaya. Na ɗaure shi da rawanina a jikin sandar, na jingina shi da kafaɗata, ina jiƙa masa leɓe. Da hantsin wata rana ya buɗe ido.

"Sule."

"Na'am, ɓarawo."

"In mun isa, kada ka yi wa Larabawa Turanci. Ka rufa mana asiri."

Wajen azahar wani Bagobiri da ke zaune a ɗaya gefen ya taɓa ni ya ce, "Malam, ɗan'uwanka ya cika."

Direba ya tsaya, don dama injin yana son hutu. Babu ruwan wanka, sai muka yi masa taimama. A jakarsa akwai farin yadi da ya taho da shi don ya nuna wa Larabawa hannunsa, da shi muka yi likkafani. Mutum kaɗan suka sauko, Bagobirin ya ja salla. Da kwanon cin abinci muka haƙa. Muna cikin turawa direba ya fara danna oda.

Na hau. Wurin da mutum biyu suke zama ya zama nawa ni kaɗai. Na miƙe ƙafa. In kuna son gaskiya, abin da na ji ke nan a ranar: daɗin miƙe ƙafa. Na jira wani abu ya biyo baya. Bai biyo ba.

A Sabha ta ƙasar Libiya na yi abin da ya kamata. Na sami wani ɗan kasuwa mai komawa Kano, na ba shi almakashin Haruna da tef ɗinsa na awo, na gaya masa yadda aka yi, ya kai Kibiya. Aka yi zaman makoki, matarsa ta yi takaba, aka raba abin da ya bari. Komai ya tafi daidai.

Ni kuma na sami aiki a gonar wani Balarabe a bayan gari: ban ruwa, albasa, awaki. Ya karɓi takarduna ya ce zai ajiye mini, yana nan yana ajiyewa har yau. Albashi wata ya zo, wata ya manta hanya. Maigidan nan ya so ni ƙwarai. In baƙi sun zo sai ya nuna ni, ya ce wannan ba ya magana, ba ya ƙorafi. Ni, Sule Furamare, wanda aka taɓa kora daga wurin ɗaurin aure saboda surutu. Uwarsa tsohuwa takan aiko mini da shayi da burodi mai zafi kowace Juma'a. Nakan sha. Da shayin da ruwan famfo duk ɗaya ne a bakina.

A lokacin saƙon kaset ake yi. Matata Hajara takan sa a ɗauki muryarta, a ba matafiyi ya kawo. Na ari rediyo na saka. Ta yi mini gaisuwar Haruna, ta faɗi waɗanda suka zo daga Zinyau da Rurum, ta ce an yi haƙuri. 'Yata Ladi ta ce, "Baba, yaushe za ka dawo?" Ina sauraro, abin da na lura da shi shi ne batirin ya fara sanyi, muryar tana ja. Na mayar wa mai rediyo abinsa, na ce ya sayi batir.

Salla ban fasa ba, azumi ban sha ba. Ba na kuka, ba na mugun mafarki, ba na jin tsoron kowa. Da wani ya tambaye ni sai in ce lafiya lau, kuma ba ƙarya na yi ba. Garin babu damina, saboda haka ban san yadda shekaru suka wuce ba. Kasakasai dai suna zuwa, muryar Ladi tana canjawa.

Wata rana na fita sayen burodi aka kama mu, lokacin ana kwashe baƙi. Aka tsare mu, aka loda mu, aka juyo da mu ta hanyar da muka zo. Da muka wuce wajen Dirku na duba dama da hagu ko zan gane wurin. Yashi ne. Na koma barci.

A Agadas aka sauke mu a wani babban gida na wata ƙungiyar agaji. Suna ba da abinci da tabarma, kuma lokaci lokaci mota takan tashi ta kai mutane har Kano, ba a biyan komai. Ranar tashi nakan yi wanka, in ɗauki jakata, in je bakin ƙofa. Mutane suna rige-rigen shiga. Ni sai in tsaya. Mota ta tashi, in dawo in ajiye jaka. Ba kunyar komawa hannu rabbana ba ce, don ko kunyar ba na ji. Kawai in na ce wa ƙafata "Madachi", sai ta ji kamar na ce mata sunan wani gari a rediyo.

Mai kula da gidan mutumin kirki ne, amma gida ba nasa ba ne. Ya ce, "Baba, nan ba masauki ba ne na dindindin. In mota mai zuwa ta tashi ba ka ciki, sai dai ka fita." Na san inda ake fita. Na ga irinsu a tashar Agadas, dattawa masu Hausar Kano da ta Katsina, suna kwana a ƙarƙashin matattun motoci, ba wanda ya san ranar da suka zo. Na dube su na ce, to, ga inda za ni. Ko a jikina.

Wata safiya ina zaune a gindin katanga, wata mata ta zo ta tsaya a kaina. Gajera, da tabarau, ba ta kai arba'in ba.

Ta ce, "An ce akwai wani Bakano a nan da ya ƙi tafiya. Na ce dole, ya ga abincin kyauta. Ni Badamagariya ce. Tashi ka gai da uwar gijiyarka."

Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun kakanni. Da a kasuwar Rano ta yi mini wannan, da sai an kawo mata kujera ta zauna ta huta.

Na ce, "Ina kwana."

Ta zauna a ƙasa, nesa da ni kaɗan. "Baba, tsokanarka fa na yi."

"Na ji."

"Ba za ka rama ba?"

"Babu komai."

Daga baya ta gaya mini wannan shi ne abin awon zazzaɓinta. In ta tsokani Bakano ya rama, yunwa ce da gajiya, zai tashi. In ya yi fushi, shi ma da sauƙi. In ya ce babu komai, to akwai aiki.

Sunanta Malama Rabi. Na tambaye ta ko likita ce, ta ce irin wadda ba ta allura. Yanzu nake cewa wato likitar da ta faɗi jarrabawa. A lokacin ko wannan bai zo mini ba.

Washegari ta dawo da ƙwaryar gyaɗa ta ajiye tsakaninmu, ta ce masu girki suna son hannu. Muka yi ta ɓara. Ba ta kallona, ba na kallonta, kowa idonsa a kan gyaɗa. Haka ta riƙa yi kullum da safe. Ba ta tambaye ni komai ba. Ita ce ma take ba da labari.

Kakarta mai wankan gawa ce a unguwarsu a Damagaram. Tun tana yarinya ita take riƙe mata buta, saboda haka a gidajen makoki ta tashi. Ta ce ta ga yadda ake yi: a ranar farko mai rashi kamar itace yake. Mutane su yi ta shigowa, kowa ya ce ya haƙuri, shi kuma ya amsa. Ya amsa, ya amsa, ya amsa. Wajen kwana na uku sai ka ga ya fara jin abin da bakinsa yake faɗa.

"Babana direba ne a hanyar nan da kuka bi," in ji ta. "Ya tafi bai dawo ba. Ba gawa, ba wanda ya ce ya gani. Ba a shimfiɗa tabarma ba, don wa zai yi wa mai rai makoki? Mahaifiyata tana girki, tana wanki, tana zuwa biki. Har ta rasu ban sake jin ta yi faɗa da kowa ba. Mutane suka ce ta cika haƙuri."

Ta yi karatu a Yamai, ta wuce ƙasar Turawa ta koyi ilimin abin da tashin hankali yake yi wa zuciya. Ta dawo da takardar shaida, aka ba ta ɗaki da kujeru biyu suna kallon juna.

"Sai in rufe ƙofa in ce wa dattijo sa'an babana, gaya mini abin da kake ji. Baba, kai da za ka faɗa?"

Na ce, "A'a."

"Su ma ba su faɗa ba. Ɗaya ma cewa ya yi in buɗe ƙofar kada a yi mana zargi. Karatun gaskiya ne, ban zubar da shi ba. Wanda yake buƙatar ƙwaya ina kai shi wurin mai ƙwaya. Amma kujerun na mayar musu. Na koma na tuna abin da kakata take yi."

Ban san ranar da na fara ba ta labarin Haruna ba. Na faɗa mata kamar yadda ake faɗin farashin albasa. Ta bari na kai ƙarshe, tana ɓara.

"Wa ya yi maka gaisuwa?"

"Wace gaisuwa?"

"Ta Haruna."

Na yi tunani. A mota kowa da ƙishirwarsa. A Sabha ba wanda ya san shi. Na ce, "Matata ta yi mini. A kaset."

"Ka amsa?"

"Wa zan amsa wa? Rediyo?"

Ta karkaɗe zanenta ta tashi. "Gobe za ka zauna karɓar gaisuwa."

Na ce shekaru sun wuce, an yi makoki a Kibiya. Ta ce na mutanen Kibiya ke nan.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a inuwar ƙofar gida, aka ajiye buta, aka zaunar da ni a tsakiya. Malama Rabi ta riga ta yi magana da limamin unguwa, ya zo ya zauna a damana. Ita ta koma can gefe wurin mata masu girki. Wani mutumin Zamfara daga cikin masu jiran mota, mai ɗan karatu, ya tsaya ya ce wannan bidi'a ce, ta'aziyya kwana uku ce, an wuce wurin.

Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kwana uku ga wanda yake gida. Matafiyi ana yi masa ranar da aka same shi. Yau muka same shi. Zauna ka yi masa, ko ka ba mutane hanya."

Ya zauna. Shi ne ma na farko.

"Ya haƙuri, Baba?"

"Da godiya."

"Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Allah ya ba da lada."

Haka aka yi ta zuwa. Mutanen gidan, masu shayi, direbobi, wasu Buzaye da ba su san ko wane ne ba, sun ga tabarma sun cire takalmi. Wata maƙwabciya ta aiko da tuwo, don mai rashi ba ya neman abinci da kansa. Ina amsawa kamar ɗan aji ɗaya yana bin malam. Rana ta farko ta wuce. Ta biyu ma. A raina ba abin da ya motsa. Na ce wannan likita ta ɓata wa mutane aiki.

Da la'asar ɗin rana ta biyu ta zo ɗaukar kwanuka, ta ce, "Shi Harunan wane irin mutum ne?"

"Mutumin kirki ne. Mai haƙuri. Mai zumunci."

"Ba taubashinka ka ce ba?"

"Shi ne."

"To wannan da kake faɗa ban san ko wane ne ba. Ko limamin Kibiya ne." Ta ɗauki kwanukanta ta tafi.

Ranar uku aka dama gumba don sadaka. Mutane sun fi na kullum. Wajen hantsi wani tsoho ya zo, da tef a wuya da zare a jikin riga. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "An ce mana marigayi tela ne, shi ya sa na rufe shago na zo. Rashin namu ne. Mu teloli mutanen amana ne."

Na ji bakina ya ce, "Amana?"

Kowa ya juyo.

"Haruna in ka kai masa yadi biyar, rigar yadi uku za ka karɓa. Ragowar sai ranar salla ka gan ta a jikin 'ya'yansa. Wandon aurena ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, na mayar masa, ya ce ƙafata ce ba daidai ba. Kullum gobe. Ka zo gobe. Mutumin da ya ɗinka wa kansila tuta da zanen gadon matarsa, ya ce sabon yadi ne daga kasuwar Kwari ta Kano. Ɓarawon ƙyalle. Shi ne ya ce in biyo shi, tela sarki ne. Ga sarauta nan."

Wasu suka yi dariya, suka kama bakinsu. Ni kuma na karkata kunnena na hagu, don ta nan Haruna yake zama. Nan ne wurinsa. In na gama nawa, nan yake shigowa da nasa, kuma nasa kullum ya fi nawa zafi.

Na jira.

Liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a don ya rufe wurin. Na hango Malama Rabi daga can ta girgiza masa kai. Ya sauke. Ba wanda ya yi tari. Na ci gaba da jira, kunnena a karkace, har wani jaki ya wuce da kayan itace, har ƙarar kofatonsa ta ɓace.

In na ba da labarin nan mutane suna so in ce na yi kuka. Ban yi ba. Abin da ya faru shi ne na ji tabarma tana cizon idon sawuna, kuma ta jima tana yi. Na ji rana a bayan wuyana. Na ce, "Haruna ya mutu."

Liman ya ce, "Ya mutu, Malam Sule."

"Ni na rufe shi."

"Allah ya ba ka lada."

Aka yi addu'a, aka raba gumba. Wadda ta dama ta cika citta. Na faɗa, aka ce in yi haƙuri.

Da aka watse na tare Malama Rabi na ce, "Ke kika turo telan nan."

"Na dai gaya wa layin teloli an yi musu rashi. Abin da zai faɗa ban sani ba. Bakano, ka cika zargi."

Na ce, "Badamagariya da tabarau, kamar mujiya ta shiga makaranta."

Ta yi kamar tana auna zagin. "Bai kai ba. Amma ka fara."

Ba ta ce na warke ba. Ta ce abin zai riƙa tafiya yana dawowa, kada in tsorata. In na je gida kada in zauna a ɗaki ni kaɗai, in fita dandali ko da ba ni da abin faɗa. In barci ya ƙi ko abinci ya ƙi, in je asibiti a Kano, ba abin kunya ba ne. Kuma in fara sauka a Kibiya kafin Madachi. Gaskiyarta. Har yau akwai ranakun da nake tashi shayi ya koma ruwa a bakina. Nakan ɗauki tabarma in fita.

Ranar da mota ta zo na yi wanka, na ɗauki jaka, na je bakin ƙofa. Na tsaya kamar yadda na saba. Ba wanda ya tura ni. Mutumin Zamfaran nan ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, na kama maka wuri." Na sa ƙafa ɗaya, ɗayar ta biyo.

Daga Kano na hau ta Rano, daga Rano na hau acaɓa zuwa Kibiya. Dawa ta kai kafaɗa. Gwaggo Asabe ta tsufa, idonta ya tafi. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na yi sallama, ta shafa fuskata da hannu biyu.

"Sule ne?"

"Ni ne, Gwaggo. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Kai ma ya haƙuri?"

"Da godiya."

"An yi masa salla?"

"An yi."

"Ya kalli gabas?"

"Ya kalla. Ni na juya shi."

Ta ce, "To." Ta saki fuskata.

Muka zauna. A ƙarƙashin rumfa na hango kekensa na ɗinki, an lulluɓe shi da tsohon zane. Kafin in kama bakina na ce, "Har yanzu keken ɓarawon nan yana nan?"

Na sunkuyar da kai, don na san abin da yake biyo baya yanzu: ba mai ramawa.

Sai wata murya daga madafa, ta Talatu ƙanwar Haruna, wadda ita ma taubashiyata ce: "Yana nan, bawanmu. Kai me ka kawo daga Libiyar, ban da wannan wuyan kamar na zakaran da aka fige?"

Na gyara zama.

Gwaggo ta ce, "Rama mana, Sule."

Na ce, "Bari in sha ruwa tukuna."